Ɓawon Albasa da Folima Mai Gurbi: Za Ta Iya Ware Mini Kwasetin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma 'yar ƙasar Aliero ce, inda ɓawon albasa yake zube a kasuwa iska tana wasa da shi. Na karanta cewa akwai kwasetin, wani sinadarin tsirrai mai launin rawaya, a cikinsa, kuma akwai wata folima, wato wata irin roba, mai ƙofofi da ake yi wa gurbi daidai siffar sinadarin da ake nema, ta kama shi shi kaɗai ta ƙyale sauran. Da gaske ne haka take aiki? Zan iya haɗa ta a ɗakin gwajinmu? In kuma ta yi, za a iya kafa sana'a a kanta?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayoyi uku kika ƙulle a ɗauri ɗaya: ko dabarar gaskiya ce, ko hannunki zai iya, da ko za ta ciyar da mai ita. Amsar ta farko ita ce e, amma ba da irin tsaftar da ake zanawa a takardu ba. Amsar ta biyu ma e ce, in kina da haƙuri da na'urar awo da za ki amince da ita. Ta ukun ce za mu daɗe a kanta, domin a nan ne lissafi yake saɓa wa buri, kuma na fi so ki ji lissafin daga bakina yanzu da ki gano shi bayan kin ƙarar da kuɗin bincikenki.

Yadda ake yin gurbin

Kin san masu zubin tukunyar alminiyam. Sukan ɗauki tsohuwar tukunya su danna ta cikin yashi mai danshi, su daddale yashin da kyau, sannan su zare tukunyar a hankali, sai gurbinta ya rage, har da kunnuwanta da lanƙwasar bakinta. Abin da muke yi ke nan, sai dai tukunyarmu ƙwayar sinadari ce da tsawonta bai fi nanomita ɗaya da 'yan kai ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), yashinmu kuma ruwa ne da zai daskare ya zama roba mai tauri. Ana narkar da sinadarin da ake nema, wanda muke kira samfuri, tare da wasu ƙananan sinadarai masu son manne masa, waɗanda zan kira 'yan kamu. Bayan sun kewaye shi kowa ya riƙe inda ya dace da shi, sai a zuba maɗauri mai yawa wanda zai sarƙe su wuri ɗaya, a kunna haɗuwar da zafi ko da haske, komai ya sandare. Daga nan sai a wanke samfurin ya fita.

Inda misalin tukunya ya gaza shi ne, gurbin yashi siffa kawai yake da ita, gurbin folima kuwa yana da siffa kuma yana da hannaye. 'Yan kamun nan da suka daskare a bangon gurbin suna nan a daidai wuraren da suka riƙe samfurin, suna jiran wanda zai zo da irin jikinsa. Kwasetin yana da rukunin haidiroksil guda 5 a jikinsa, su ne hannayensa, kuma da su ne yake ƙulla ɗaurin haidirojin, wato riƙon da ke tsakaninsa da 'yan kamu. Ɗan'uwansa kamferol yana da 4, bambancinsu ke nan. Rutin kuwa kwasetin ne da ya goyo sukari biyu, nauyin ƙwayarsa 610 a inda na kwasetin yake 302, saboda haka gurbin ya yi masa kaɗan. Folima mai kyau takan ware rutin ba tare da wahala ba, amma takan riƙe kamferol kusan yadda take riƙe kwasetin, don wanda ya fi samfuri ƙanƙanta kaɗan yana shiga gurbi ya zauna. Maganar "shi kaɗai" da kika karanta, ki rage mata gishiri: abin da ake samu fifiko ne, ba keɓewa ba.

Dabarar ta girmi yawancin masu aiki da ita. A 1931 wani masani a birnin Kiyef na Yukren, Polyakov, ya lura cewa silika da aka busar a gaban benzin ko toluwin takan fi shan wanda aka busar da ita a gabansa. A 1949 Frank Dickey, wanda ya yi aiki tare da Linus Pauling a Amurka, ya maimaita irin wannan da rini. Günter Wulff na Jamus ya kawo ta cikin folima a 1972, inda yake ɗaure samfurin da ɗauri mai ƙarfi sannan ya tsinke shi daga baya. Klaus Mosbach na Jami'ar Lund a Suwidin shi ya yaɗa hanya mai sauƙi ta ɗauri mai rauni tun daga farkon shekarun 1980, kuma ita ce kusan kowa yake bi yau. A 1993 ƙungiyarsa ta nuna cewa irin wannan folima za ta iya auna maganin tiyofilin a jini kamar yadda ake yi da sinadaran garkuwar jikin dabba, a 1994 kuma Börje Sellergren ya yi amfani da ita wajen tsamo maganin fentamidin daga fitsari. Ki lura da irin ayyukan da suka yi suna: duk na awo ne, na tsamo ɗan mitsitsin abu daga cikin tarkace domin a auna shi. Har yau kayan da kamfanoni suke sayarwa, irin su SupelMIP da AFFINIMIP, ƙananan bututai ne na tsabtace samfur kafin awo, misali neman gubar fatulin a ruwan tuffa ko ragowar kuloramfenikol a madara da zuma. Wannan tarihin kansa yana gaya miki wani abu game da tambayarki ta uku.

Ƙofofin, da abin da ya sa kwasetin yake da taurin kai

Gurbi ba shi da amfani in babu hanyar zuwa gare shi. Ruwan narkarwar da aka haɗa komai a cikinsa ba ya shiga cikin ɗaurin, yana nan tsakanin sarƙoƙin folima lokacin da suke sandarewa, kuma idan ya fita sai ya bar lunguna da ƙofofi. Masana sun kasa su uku: waɗanda ba su kai nanomita 2 ba, na tsakiya daga 2 zuwa 50, da manya da suka haura 50. Na tsakiya da manyan su ne titunan da ruwan ganye yake bi. Folima da aka yi da kyau takan sami faɗin fuska na murabba'in mita 100 zuwa 400 a kowane giram ɗaya, wato garin da bai cika cokalin shayi ba yana ɗauke da filin da ya kai na ɗan madaidaicin gida.

Matsalar ita ce ruwan narkarwa aiki biyu yake yi, kuma ayyukan suna jan juna. Ana so ya narkar da samfurin, ana kuma so kada ya shiga tsakanin samfurin da 'yan kamu. Kulorofom da toluwin ba sa tsoma baki a ɗaurin haidirojin, shi ya sa suke ba da gurbi mai kyau, amma kwasetin ba ya narkewa a cikinsu. Dole ki koma ga asiton, ko THF, ko asetonaitiril da aka ɗiga wa DMSO kaɗan, waɗannan kuwa su ma suna son riƙe hannayen kwasetin, sai su yi kishi da 'yan kamunki. Abin da nake yi shi ne in nemi mafi ƙarancin ruwa mai ƙarfi da zai narkar da samfurin, in cike sauran da mai rauni. Babu wata ƙa'ida da za ta ba ki adadin, sai gwaji a ƙananan kwalabe.

Zaɓen ɗan kamu ma yana da nasa. Wanda aka fi sani shi ne asid ɗin metakirilik, kuma ɗalibai sukan ɗauke shi don shi suka fi gani a rubuce. Ya dace da sinadarai masu naitirojin irin su kwinin da kafeyin na goro. Kwasetin kuwa shi kansa yana da ɗabi'ar asid mai rauni, don haka ya fi jituwa da 4-binilfiridin ko akirilamaid. Akwai kuma hanyar Wulff da asid ɗin boronik, wanda yake kama haidiroksil biyu da suke maƙwabtaka, kuma wannan maƙwabtakar a zoben gefe ita ce ainihin abin da kwasetin yake da shi kamferol ba shi da shi. A takarda wannan ita ce hanya mafi kyau ta raba su. A aikace boronik ya fi kamu a ruwa mai ɗan kanwa-kanwa, kwasetin kuwa a irin wannan ruwa yake lalacewa da sauri in iska tana taɓa shi, ya rikiɗe daga rawaya zuwa ruwan ƙasa kina kallo.

Ga awon da aka saba farawa da shi: kaso 1 na samfuri, 4 na ɗan kamu, 20 na maɗauri. Wato milimol 1 na kwasetin, miligiram 302 ke nan, da milimol 4 na binilfiridin, da milimol 20 na maɗaurin EGDMA, a cikin ruwan narkarwa mililita 5 zuwa 10, da ɗan AIBN mai kunna haɗuwar. A busa iskar naitirojin na minti 10 don a kori oksijin, a toshe kwalbar, a ajiye ta a ruwan zafi mai digiri 60 na tsawon awa 24.

Karo na farko da na gwada wannan da kwasetin, na dawo da safe na tarar da kwalba biyu a cikin ruwan zafi. Wadda ba ta da samfuri ta zama farin dutse, sai da na fasa gilashin na ciro ta. Mai kwasetin kuwa na karkata ta sai abin ciki ya gangaro a hankali kamar kunun da bai yi kauri ba. Na zargi AIBN, na zargi wutar lantarki da ta ɗauke cikin dare, alhali kwalaben biyu wuri ɗaya suka kwana. Laifin na samfurin ne. Haɗuwar folima tana tafiya ne ta hanyar 'yan tartsatsin sinadari da ake kira radikal, kwasetin kuwa sunan da ya yi a duniya duka na kashe radikal ne. Abin da ya sa kike nemansa shi ne yake kashe miki wutar girki. Maganinsa shi ne a tsananta korar oksijin, a ɗan ƙara mai kunnawa, a kuma ƙara lokaci. Ki sani kuma cewa wani ɓangare na samfurin zai ƙone a wannan fafatawa ya manne a jikin folimar har abada, shi ya sa ba ta komawa fara fat komai wankin da aka yi mata.

Bayan ta sandare sai daka. Turmin ɗakin gwaji da taɓaryarsa, awa biyu ko uku, sannan tankaɗe da rariyar ƙarfe don a tsame ƙwayoyi masu girman maikiromita 25 zuwa 38. Abin da ya fi haka laushi yana toshe bututu, ana zubar da shi ta hanyar jiƙa garin a asiton a bar mai nauyi ya kwanta. Kusan rabin abin da kika haɗa a nan yake tafiya. Sai wanki a na'urar Soxhlet, wadda take ta maimaita wanki da kanta, da metanol kaso 9 da asid ɗin asetik kaso 1, kwana ɗaya zuwa uku. Ki sa safar hannu da takunkumi tun daga farko: akirilamaid guba ce ga jijiyoyi kuma tana ratsa fata, AIBN kuma a firiji yake zama, nesa da zafi.

Saboda wannan asara ta daka, da kuma gurabun da suke binne a can ciki inda babu mai isa gare su, aka ƙirƙiro wasu hanyoyi. Akwai wadda ake tsinka haɗin sosai, sinadaran su zama kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na ruwan, sai folimar ta fito da kanta a matsayin 'yan ƙwallaye, babu daka, amma tana shan asetonaitiril mai tsada. Wadda na fi so ita ce a shafa folimar siririya a kan wani abu da ya riga ya mallaki ƙofofinsa, gurabun duka su kasance a fuska. Silikar MCM-41 da aka fitar a 1992 da SBA-15 ta 1998 suna da ƙofofi jere kamar saƙar zuma, faɗin fuskarsu yakan kai murabba'in mita 600 zuwa 1000 a giram. Wasu kuma suna sa ƙwayar baƙin ƙarfe a tsakiya, a zuba garin cikin ruwan ganye a motsa, sannan a kara mayen ƙarfe a jikin kwalba ya tattaro shi gefe ɗaya, ba tacewa. Tunda daga Kebbi kike, ga wani abu a ƙofar gidanku: tokar ɓuntun shinkafa da aka ƙona da kyau, fiye da kashi 85 cikin 100 nata silika ce, kuma ana iya narkar da ita a mayar da ita irin wannan silika mai ƙofofi. Ɗalibar da ta haɗa ɓawon albasa da ɓuntun shinkafa a bincike ɗaya ta sami abin faɗa da ba a kwafo daga wani wuri ba.

Yadda za ki san ba yaudarar kanki kike yi ba

Wannan shi ne sashen da nake roƙonki ki karanta sau biyu. Kowace folima irin wannan tana shan kwasetin, ko an yi mata gurbi ko ba a yi ba, domin jikinta cike yake da 'yan kamu a warwatse, kuma kwasetin ba ya son ruwa, duk inda ya sami fuskar roba sai ya lafe. Saboda haka duk ranar da kika haɗa mai gurbi, ki haɗa tagwaniyarta a gefe, komai iri ɗaya in ban da samfuri. Ita ce shaidarki. Idan mai gurbi ta sha miligiram 12 a giram, marar gurbi ta sha 10, to aikin gurbi miligiram 2 ne kacal, sauran goman ko wace roba za ta ba ki. Ana raba na farko da na biyu a sami abin da ake kira ma'aunin gurbi. A wurina, abin da bai kai 1.5 ba ban ɗauke shi komai ba, 2 zuwa 3 kuma aiki ne mai kyau ga sinadari irin wannan.

Ko wannan ma bai isa ba. Kasancewar samfuri a cikin haɗin yakan sauya yadda ƙofofin suke fitowa, musamman samfuri mai rage gudun haɗuwa irin naki, sai mai gurbi ta fi tagwaniyarta faɗin fuska, ta fi ta sha, ba don ta gane kowa ba. Hanyar kama wannan ita ce a haɗa kwasetin da kamferol da rutin da katecin a ruwa ɗaya a ba folimomin biyu. Idan mai gurbi ta fi shan dukkansu da kimanin ninki ɗaya, faɗin fuska ne kawai. Idan fifikon ya taru a kan kwasetin da na kusa da shi, to gurbi ya yi. Wannan gwaji yana buƙatar na'urar HPLC, wadda take raba sinadaran da suke cakuɗe ta auna kowanne daban. Na'urar auna haske ta yau da kullum tana ganin kwasetin a hasken da tsawon zangonsa yake wajen nanomita 370, amma kamferol ma a nan kusa yake, ba za ta raba miki su ba. Kafin ki sayi ko da giram ɗaya na EGDMA, ki tabbatar da inda za ki sami HPLC mai aiki, da kuɗin kowane awo, domin za ki yi awo ya fi ɗari.

Sai kuma yoyon samfuri. Wani ɗalibina ya taɓa shigowa ofis da murna, ya ce folimarsa ta dawo masa da kashi 130 cikin 100 na abin da ya zuba. Na ce ya je ya zuba mata metanol zalla, wanda babu komai a ciki, ya auna abin da ya fito. Ya dawo da kwalba mai ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa, murnar ta koma ciki. Kwasetin ɗin da ya saya ya yi gurbi da shi ne yake ta tsattsafowa. Ko bayan wanki mai tsanani, kashi 1 cikin 100 ko fiye na samfurin yakan maƙale, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka sauya ruwa. In tara sinadari kike yi, wannan ba babbar illa ba ce. In awo kike yi, ya rusa sakamakon gaba ɗaya. Maganin da aka sani shi ne a yi gurbin da wani ɗan'uwan sinadarin mai kama da shi wanda babu shi a cikin ganyen, ta yadda ko ya yi yoyo na'ura za ta nuna shi daban.

Wajen amfani da ita kuma, matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wankin tsakiya. Ana cusa garin a ƙaramin bututu, a zuba ruwan ɓawo, a wanke, sannan a fitar da abin da aka kama da metanol mai asid. Folima ta fi gane samfurinta a irin ruwan da aka haife ta a ciki. In kika zuba mata ruwan ɓawo mai etanol da ruwa, za ta kama kowa da kowa. Sai kin busar da bututun, kin wanke da asetonaitiril ko makamancinsa, sannan baƙin da suka lafe a fuska za su tafi, na cikin gurbi su tsaya. Ki yi wannan wanki a kan tagwayen biyu: ruwan da ya wanke marar gurbi tas amma ya bar kwasetin a mai gurbi, shi ne ruwanki.

Lissafin sana'a

Mu koma ga awon da na ba ki. EGDMA milimol 20 giram 3.96 ne, binilfiridin milimol 4 giram 0.42, jimla kimanin giram 4.4 na folima, a kan miligiram 302 na samfuri. Da a ce kowace ƙwayar samfuri ta bar gurbi mai aiki, da giram ɗaya zai kama miligiram 69. Amma a hanyar ɗauri mai rauni, gurabun kirki ba su cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran sun rushe, ko sun toshe, ko tun farko ba su ƙullu ba. Ya rage miki miligiram 7 zuwa 10 a giram.

Yanzu a ce kin tara busasshen ɓawo kilo 100, a ce kuma kashi 2 cikin 100 nasa kwasetin ne, kilo 2 ke nan. Don ki kama shi a zubi ɗaya kina buƙatar folima kilo 200, kuma kafin ki haɗa wannan folima sai kin sayi tsantsar kwasetin kusan kilo 14 kin yi gurbi da shi. In kin ce kilo 10 za ki haɗa ki yi ta maimaitawa, zubi 20 ne, kowanne da nasa metanol da asetonaitiril da za a tace a dawo da su. Sannan kasuwar da za ki shiga tana da masu ita: yawancin kwasetin da ake sayarwa a duniya daga rutin ake yin sa, wanda ake samu da yawa a tohon furen wata bishiya a ƙasar Sin da kuma kwanson wata a Burazil, a cire masa sukarin da asid, shi ke nan.

Ɓawon albasa bai buƙaci mabuɗi mai tsada irin wannan ba, domin kwasetin a cikinsa ba ɓoyayye ba ne. Busasshen ɓawon waje na jar albasa, irin ta Aliero ko ta Galmi a Nijar, ya fi tsokar albasar yawan kwasetin nesa ba kusa ba, kuma yawancinsa a sake yake babu sukari, saɓanin na cikin tsoka. Farar albasa kuwa kusan babu komai a cikinta, kada ki ɓata lokaci a kanta. In kika jiƙa garin ɓawo a etanol mai ƙarfin kashi 60 zuwa 80 da ɗan ɗumi, kika tace, kika janye etanol ɗin, kwasetin da kansa zai kwanta a ƙasa tunda ba ya narkewa a ruwa. In ana son ƙarin tsafta, akwai resin, wato garin roba mai manyan ƙofofi marar gurbi, irin su Amberlite XAD da Diaion HP-20, wanda ake sayarwa da kilo, yana ɗaukar kaya fiye da folima mai gurbi sau da yawa, kuma etanol kaɗai yake buƙata. Daga nan sai a sake narkarwa a bar shi ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. Ga abin da mutum zai ci ko ya sha, wannan hanya ta fi sauƙin karewa a gaban hukumar NAFDAC, domin babu fargabar ragowar akirilamaid ko asetonaitiril.

To ina folima mai gurbi take cin kuɗinta? A inda abin da ake nema ya yi ƙaranci ƙwarai, yake da tsada ƙwarai, kuma yake cakuɗe da 'yan'uwa masu kama da shi. Maganin kansa na taksol, wanda bai fi kimanin kashi 0.01 cikin 100 na ɓawon bishiyarsa ba, irin wannan ne. Haka kuma in abin da ake so shi ne cire ɗan ƙaramin mugun abu daga cikin mai kyau, domin a nan ƙarancin ɗaukar kaya ba ya damun kowa. Sai kuma awo, inda take da wata falala da ta dace da ƙasarmu: bututan garkuwar jiki da ake gwada gubar afalatoksin a gyaɗa da masara da su sai an ajiye su a firiji, yawanci kuma sau ɗaya ake amfani da su, folima kuwa tana jure zafi har wajen digiri 150, tana jure asid, tana shekaru a kan kanta a zafin Sakkwato, ana wanke ta a sake amfani da ita sau da dama. Ko rashin keɓewar da na ambata yana da ranarsa: folimar da aka yi da kwasetin takan tsamo danginsa gaba ɗaya daga ganyen zogale ko wani ganyen magani, ta ba mai bincike damar ganin 'yan'uwan da suka ɓuya a cikin tarkace.

Aikina a wannan fanni bai wuce ma'aunin giram a ɗakin gwaji ba, bututun da ya fi girma da na taɓa cusawa bai kai tsawon hannuna ba, saboda haka lissafin kilo da na yi miki na alƙalami ne, ki kai shi gaban injiniyan sinadarai ya ƙara masa kuɗin wuta da na ruwan narkarwa. Batun amfanin kwasetin ga lafiyar mutum kuma na likitoci ne. Ƙarfinsa a kwalbar gwaji tabbatacce ne, amma hanji ba ya shan sa da yawa, kada ki rubuta alkawarin warkarwa a gabatarwar kundinki.

Da ni ne mai duba aikinki, da na ce ki tsara shi a matsayin kwatance. Ki fitar da ruwan ɓawo ɗaya ki raba shi uku, kaso ɗaya ya bi ta resin na kasuwa, ɗaya ta folima marar gurbi, ɗaya ta mai gurbi da aka shafa a kan silikar ɓuntun shinkafa, ki auna tsafta da yawan abin da ya dawo da kuɗin da kowane miligiram ya ci. Watan farko kuwa kada ki taɓa folima. Ki je kasuwa ki karɓo ɓawo daga wurin masu tsintar albasa, ki ware ja daban, ki shanya a inuwa don rana tana cin sinadarin, ki niƙa, ki auna ainihin miligiram nawa ne a giram ɗaya na irin naku, da na sabuwar albasa da na wadda ta yi wata uku a rumbu. Idan kin sami waɗannan lambobi ki aiko mini, mu zauna mu zaɓi ɗan kamu.